Fitilar EUV ta zenon tana walƙiya, amma fotodayod ba ya ganin komai a nanomita 13.5

Ɗalibin Filazma:

Assalamu alaikum, malamai. Ina neman shawararku kan fitilar EUV (hasken ultraviolet mai matuƙar gajeren zango wanda ido ba ya gani, na nanomita 13.5 nake nema) mai aiki da tartsatsin lantarki a cikin gas. Ga yadda aka haɗa ta: fayafayen molibdenam biyu ne, kowanne da rami mai faɗin milimita 5 a tsakiya, tazarar da ke tsakaninsu ma milimita 5, kuma katod ɗin, wato faifan da ke ɓangaren negatif, yana da kogo a bayansa. Kafasita mai maikurofarad 1 ce, ana caja ta zuwa bolt 2000, wato jul 2 a kowane bugu. Wayoyi biyu masu kauri, kowacce kusan rabin mita, su ke haɗa ta da fayafayen. Gas ɗin zenon ne, ma'aunin Pirani yana nuna faskal 15, kuma tukunya ɗaya ce tun daga fitilar har wurin awo. Fotodayod na silikon, wato na'urar da ke mayar da haske siginar lantarki, yana can nesa da santimita 80, a bayan fefen zirkoniyam mai kaurin nanomita 200. Naɗin Rogowski, mai auna kwararar lantarki, yana nuna cewa zagaye guda na kwararar lantarki yana cin maikurosakan 2.5.

Tartsatsi yana tashi a kowane bugu, ta taga ana ganin haske fari fat mai ɗan shuɗi-shuɗi. Amma siginar fotodayod ƙarama ce ƙwarai, ta cakuɗe da hayaniyar lantarki, kuma ba ta zama iri ɗaya daga bugu zuwa bugu. Ina matsalar take? A ƙara bolt, ko kuwa zenon ne bai isa ba, a koma kuza?

Injiniyan Bugun Wuta:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka taɓa bolt tukuna, kada kuma ka kawo maganar kuza yanzu. Amsar farko tana cikin lambar da ka bayar da kanka, maikurosakan 2.5.

Tsawon zagaye shi ne 2π√(LC), inda C yake girman kafasita, L kuma indoktans, wato turjiyar da'ira ga saurin canjin kwarara. Idan ka sa maikurofarad 1 ka juya lissafin, indoktans ɗin da'irarka ya kai wajen nanohenri 160. Ƙololuwar kwarara kuwa V√(C/L) ce, wato kusan amfiya 5000. Fitilun irin wannan suna aiki da nanohenri 10 ko kusa da haka. Da wannan kafasita da wannan bolt ɗin, nanohenri 10 zai ba ka amfiya 20,000, kuma kwararar za ta kai ƙololuwa a cikin nanosakan 160 maimakon 600 da wani abu. Jul 2 ɗin nan dai shi ne, saurin zuba shi ne ya bambanta.

Dalilin da ya sa wannan ya zama komai da komai: hasken nanomita 13.5 a zenon yana fitowa ne daga ayon, wato ƙwayar da aka ƙwace wa ilektiron, a nan guda goma. Kafin a kai ga haka sai filazma, wato gas ɗin da ƙwayoyinsa suka saki ilektiron, ta yi zafin ilektiron-bolt 20 zuwa 40. A ɗauki 30, kusan digiri 350,000 ke nan. Tartsatsi kawai ba ya kai gas wannan zafi. Abin da ke kai shi shi ne matsewa: kwararar da ke bin tsakiyar ramin tana haifar da maganaɗisu mai kewaye ta, shi kuma yana tura filazma ciki da ƙarfin tsiya har ta zama siririn zare. Amfiya 20,000 a nisan rabin milimita daga tsakiya suna ba da tesla 8, matsinsa ya kai ninki 250 na matsin iskar da muke shaƙa. Wannan matsi yana tafiya da kwarara sau kanta, saboda haka amfiya 5000 kashi ɗaya cikin 16 kawai suke bayarwa.

Ka gwada da ƙa'idar da Willard Bennett ya fitar a 1934. Rami mai faɗin milimita 5 a faskal 15 yana ɗauke da ƙwayoyin zenon kusan 7×10¹⁶ a kowace mita ta tsawo. Don maganaɗisu ya riƙe su a ilektiron-bolt 30, kowace ƙwaya da ilektiron goma a sake, ana bukatar wajen amfiya 9000. Wannan ma ƙaramin iyaka ne, domin lissafin bai kula da ƙarfin da ke tafiya wajen ƙwace ilektiron ba, bai kula da wanda ke ficewa a matsayin haske ba. Kana ƙasa da shi. Hasken da kake gani ta taga na filazma ce mai zafin 'yan ilektiron-bolt kaɗan, ido yana ganin ta da kyau, amma babu EUV na kirki a cikinta.

Gyaran: cire wayoyin nan gaba ɗaya. Waya madaidaiciya tana da kusan nanohenri 1 a kowane milimita idan hanyar dawowa ta yi nisa da ita, ka ga ashe rabin mita ba abin wasa ba ne. Maimakon kafasita ɗaya babba, a jera ƙanana da yawa masu ƙarancin indoktans a zobe kewaye da fayafayen, a haɗa su da faranti biyu masu faɗi na jan ƙarfe ko alminiyam, da siririn abin raba wuta a tsakaninsu. Gwargwadon kusancin farantan da faɗinsu, gwargwadon raguwar indoktans. Kada ka sa makunni a tsakanin kafasita da fayafai, tazarar gas ɗin ita ce makunnin, shi ya sa aka yi wa katod kogo.

Bayan gyara, ka duba siginar Rogowski kafin a tara ta, wato saurin canjin kwarara. Lokacin da filazma ta matse, indoktans ɗinta yana tashi farat ɗaya, sai ka ga wani kwari ya faɗa a layin. Idan babu kwarin, babu matsewa. Idan akwai, ka lura da inda ya faɗo: ana so ya zo daf da ƙololuwar kwarara. In ya riga ta sosai, gas ya yi kaɗan ko ramin ya yi ƙanƙanta, filazma ta matse ta watse tun ƙarfin yana cikin kafasita. In ya makara, gas ya yi yawa, kwarara ta fara sauka kafin zaren ya haɗu.

Mai Aikin Bakyum:

Abin da Injiniya ya faɗa gaskiya ne, amma ko ka gyara da'irar yau, Malam, ba za ka ga hasken ba, saboda zenon ɗin da ke cikin tukunyarka yana shanye shi kafin ya isa wurin awo.

Zenon yana cikin gas ɗin da suka fi cin haske a wannan zango. Faskal 1 kacal a tsawon mita guda yana shanye kusan kashi 45 cikin ɗari na hasken nanomita 13.5. Kai kuma kana da faskal 15 a santimita 80. Ka yi lissafin: abin da zai tsira bai kai ɗaya cikin dubu ba.

Dole a raba tukunyar gida biyu. A shigar da zenon ta cikin kogon katod ta na'urar daidaita kwararar gas, a sa bango mai ƙaramin rami, milimita 2 ko makamancin haka, kusa da fitilar iya yadda zafi zai bari, sannan a sa famfon turbo a ɓangaren awo. Famfo mai jan lita 200 a sakan ya isa ya riƙe wannan ɓangare ƙasa da faskal 0.1 ta irin wannan rami, kuma a wannan matsi asarar ba ta kai kashi 5 cikin ɗari ba. A kula: zenon yana da nauyi kuma ba ya kwashe zafi, don haka fukafukan famfon suna yin zafi da shi fiye da yadda suke yi da naitirojin. A sa ruwan sanyaya, a duba iyakar da masu ƙera famfon suka bayar ta gas mai nauyi. Famfon baya ya zama busasshe, marar mai. Tururin mai yana sauka a kan madubi da fefe, EUV ya farfasa shi, kabon ya manne, kowane nanomita na kabon yana rage hasken da madubi ke mayarwa da kusan kashi 1 cikin ɗari.

Faskal 15 ɗin naka ma ban yarda da shi ba. Pirani yana auna yadda gas ke kwashe zafi ne, an kuma daidaita shi da naitirojin, saboda haka a zenon yana nuna ƙasa da gaskiya. Mai yiwuwa matsinka ya ninka abin da kake karantawa. Ka nemo ma'auni mai fefe irin na kafasita, shi ba ruwansa da irin gas.

Sai awon kansa. Fefen zirkoniyam na nanomita 200 yana barin kusan rabin hasken 13.5 ya wuce, amma tagarsa tana da faɗi, daga wajen nanomita 6 zuwa 17. Zenon kuma ya fi haskawa a kusa da nanomita 11, ba a 13.5 ba. Wato fotodayod a bayan fefe kaɗai zai gaya maka akwai EUV, ba zai gaya maka nawa ne na 13.5 ba. Don wannan sai an sa madubi mai hawa-hawan molibdenam da silikon: hawa 40 zuwa 50, kaurin kowane ma'aurata kusan nanomita 6.9, yana mayar da kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari idan haske ya faɗo masa kusan kai tsaye. Madubi ɗaya tagarsa ta fi tagar da ake ƙiyasi da ita faɗi, wato kashi 2 cikin ɗari a kewayen 13.5, shi ya sa na'urorin awo na ƙwarai suke amfani da biyu a jere. Kada a sauya zirkoniyam da alminiyam, shi tagarsa tana buɗewa ne daga nanomita 17 zuwa sama, 13.5 ba ya wucewa.

Ga abin da ya kamata ka sa rai da shi. Zenon yana mayar da kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfin lantarki zuwa hasken da ke cikin tagar, a rabin sararin da ke gaban fitila. Daga jul 2, milijul 10 ke nan. Fotodayod mai faɗin santimita 1 kowane gefe, a nisan santimita 80, zai samu kusan maikurojul 0.25. Bayan fefe da madubi ɗaya, saura 0.08. Silikon yana ba da wajen amfiya 0.25 a kowane wat, wato nanokulom 20. Idan wannan ya zubo a nanosakan 100 a kan om 50, bolt 10 ne. Ka ga idan komai ya daidaita, matsalarka za ta koma yawan sigina: fotodayod zai ƙoshi, siginar ta yi faɗi ta ja wutsiya, ka ɗauka bugun haske ne ya yi tsawo alhali ba haka ba ne. A sa masa 'yan bolt na baya-baya gwargwadon abin da takardarsa ta yarda, a kuma rage hasken da rami mai milimita 2, sai siginar ta dawo wajen bolt 0.3.

Gwaji biyu masu sauƙi kafin ka yarda da kowace sigina. Sa gilashi a gaban fefen: EUV ba ya ratsa gilashi, in siginar ba ta ɓace ba to ko dai fefen ya huje haske na gani yana shiga, ko hayaniya ce. Sannan ka rufe hanyar da ƙarfe gaba ɗaya: abin da ya saura hayaniya ce zalla. Maganinta waya mai sulke biyu, osiloskof a cikin akwatin ƙarfe, da wurin haɗawa da ƙasa guda ɗaya. Fefen kuma a yi masa hanyar iska ta gefe, domin bambancin matsi kaɗan lokacin jan iska ko sake ta yana yaga shi.

Ɗalibin Filazma:

Na gode ƙwarai, malamai, Allah Ya ƙara ilimi. Abu biyu suka rage mini. Idan matsin gas shi ne ke sa lokacin matsewa, ai shi ne kuma ke sa bolt ɗin da tartsatsi zai tashi. Yaya za a daidaita ɗaya ba tare da an ɓata ɗaya ba? Sannan har yanzu ina son jin dalilin da ya sa manyan injinan buga da'irori a kan faifan silikon suke amfani da kuza.

Injiniyan Bugun Wuta:

Tambayar farko ita ce zuciyar wannan ƙira. Fitilar tana aiki ne a ɓangaren hagu na lanƙwasar Paschen, zanen da ke nuna bolt ɗin tashin tartsatsi bisa matsin gas da tazara, inda gas ya yi ƙaranci har ilektiron yakan tsallake gajeriyar tazara bai ci karo da komai ba. A nan raguwar matsi tana ƙara bolt ɗin tashi, kuma tartsatsi yana zaɓar hanya mafi tsawo. Hanya mafi tsawo ita ce wadda ta bi ta ramukan nan biyu zuwa cikin kogon katod, shi ya sa filazma take farawa a tsakiya ba a jikin bango ba. Irin wannan tartsatsi Christiansen da Schultheiss suka bayyana a Erlangen a 1979, daga baya masu bincike a cibiyar Fraunhofer ta lesa da ke Aachen a Jamus suka gina fitilar EUV a kansa.

Raba matsi da bolt kuwa, da ilektirod na uku ake yi, wanda ke zaune a cikin kogon. Ana riƙe shi da 'yan ɗaruruwan bolt sama da katod, sai ya riƙa tsince ilektiron ɗin da za su fara tartsatsi, fitila ta ƙi tashi ko da bolt ya wuce inda da ta tashi da kanta. Idan aka sauke shi zuwa daidai da katod cikin sauri, sai ta kama. Shi ne kunamar fitilar. Da shi za ka zaɓi matsi don lokacin matsewa, ka zaɓi bolt don ƙarfi, cikin iyaka dai, domin in matsin ya yi yawa kunamar ba za ta iya riƙewa ba. Rashin daidaiton siginarka daga bugu zuwa bugu ma yawancinsa daga nan yake: fitila mai tashi da kanta ba ta tashi a bolt ɗaya sau biyu, ƙarfin kuma yana tafiya da bolt sau kansa.

Idan ka fara ƙara yawan bugu zuwa ɗaruruwa a sakan, komai zai gusa. Gas ɗin cikin rami yana zafi ya yi sirara, ragowar ayon daga bugun baya suna sauƙaƙa tashi, fayafai suna zafi. Sai an sake daidaita kwararar gas a kowane mataki. Ramin kansa yana faɗaɗa a hankali saboda cinyewa, lokacin matsewa ya riƙa ja baya, ƙarfen da ya ƙone kuma ya sauka a kan abin raba wuta har wata rana tartsatsi ya bi ta jikinsa. A ɓoye abin raba wutan a bayan lanƙwasa inda filazma ba ta ganin sa kai tsaye.

Kafin hannu ya shiga ciki: rezista mai sauke caji a manne da kafasita ko da yaushe, sandar haɗawa da ƙasa a rataye a jikinta, makullin da ke kashe caja in an buɗe murfi. Jul 2 ba shi ne abin tsoro mafi girma ba, na'urar cajin ce, wadda ke iya ba da kilowat a bolt 2000.

Mai Nazarin Bakan Haske:

Kan kuza, ɗan'uwa, bambancin yana cikin ƙwayar kanta. A zenon ayon guda ne ke ba da 13.5, sauran suna zubar da haskensu a wajen 11, inda madubin molibdenam da silikon ba ya aiki, domin silikon yana fara shanye haske sosai ƙasa da nanomita 12.4. A kuza kuwa ayon da yawa a jere, daga mai rashin ilektiron 8 har zuwa wajen 14, duk suna haskawa a kusa da 13.5, layukansu dubbai sun taru wuri guda. Saboda haka fitilar tartsatsi ta kuza tana kai kashi 2 cikin ɗari ko fiye, kusan ninki huɗu na zenon.

Wahalar ita ce kuza ba gas ba ne. Hanyar da kamfanonin Philips da XTREME suka bi, wadda daga baya ta koma hannun kamfanin Ushio, ita ce ƙafafu biyu masu juyawa, kowacce ƙasanta a nutse cikin narkakken kuza, wanda ke narkewa a digiri 232. Ƙafafun su ne ilektirod. Bugun lesa yana tayar da tururin kuza daga bakin ɗaya, tururin ya haɗa tazarar, kafasita ta zubo. Kuzan yana sabunta fuskar ilektirod a kowane juyi, yana kuma kwashe zafi. Dabara ce mai kyau ƙwarai, amma tana feshin kuza, sai an sa tarkon siraran faifai masu juyawa da gas ɗin agon a tsakanin fitila da madubin tarawa. Injinan gwaji na farko da ASML, mai ƙera injinan buga da'irori, ta kai cibiyar bincike ta imec a Beljiyam da ta Albany a Amurka a 2006 da fitilun tartsatsi suka yi aiki.

Abin da ya hana tartsatsi cin kasuwar buga da'irori zafi ne da girman filazma. A ce ana son wat 250 a bakin injin, a ce kashi 10 cikin ɗari na hasken fitila ne ke tsira daga tarko da madubi, a ce kuza yana ba da kashi 2. Kilowat 125 ke nan za a zuba a wuri mai faɗin 'yan milimita, kusa da ƙarfe. Sannan zaren filazma yana da kaurin kusan rabin milimita amma tsawonsa milimita da yawa ne, madubin injin kuma ba ya iya amfani da haske daga wuri mai girma da kusurwa mai faɗi a lokaci guda. Filazmar lesa ƙarama ce kuma tana nesa da kowane bango: ɗigon kuza 50,000 a sakan, lesar kabon dayoksaid tana bugun kowanne. Cymer ma, mai ƙera fitilun waɗannan injina, da tartsatsi ta fara kafin ta koma lesa, ASML ta saye ta a 2013.

Amma a aikin awo, gwajin madubi, gwajin sinadarin da ake shafa wa faifan silikon, da binciken abin rufe zane, fitilar zenon tana nan daram. Jul 2 sau 1000 a sakan kilowat 2 ne, ya ba da wat 10 a cikin taga, wannan ya wadatar. Kamfanin Energetiq ma yana yin wadda ba ta da ilektirod sam, ana cusa kwararar ta hanyar maganaɗisu kamar yadda taransifoma ke yi, filazmar ce naɗi na biyu. A aikinka ban ga dalilin kuza ba.

A wuri ɗaya na ɗan saɓa da Injiniya. Kwarin da ke siginar Rogowski yana nuna an matse, ba ya nuna an kai ayon ɗin da ake so. Ana iya samun kwari mai zurfi filazma ta zarce zafi, haske ya koma 11 da ƙasa, 13.5 ya ragu. Matsin da ya fi ba da jimillar EUV ba lallai ya zama wanda ya fi ba da 13.5 ba, don haka a daidaita da siginar bayan madubi. In akwai na'urar raba haske, a ɗura iskar oksijin kaɗan don daidaita ma'auninta: tana da layuka siraru a nanomita 13.0 da 15.0 da 17.3. Kyamarar ƙaramin rami a bayan zirkoniyam kuma, tana kallon fitilar ta tsakiyar rami, za ta nuna ko ɗigon hasken yana zaune wuri ɗaya ko yana yawo. In yana yawo daga bugu zuwa bugu, a fara duba ko ramukan fayafai biyun suna kan layi ɗaya, sannan a duba ko kafasitocin sun kewaye su daidai ta kowane gefe.